Jinyar Yaro Mai Jijjiga Ko Farfaɗiya: Darasi Daga Ƙasar Jos

Duk wanda ya taɓa kwana a Jos cikin watan Disamba ko Janairu ya san abin da ake kira sanyi. Garin bisa tsauni yake, tsayinsa daga teku ya kai mita 1,200, kuma in hunturu ya kankama akwai daren da ma'aunin zafi kan sauko ƙasa da digiri 10. Saboda haka da almuru sai ka ga an hura wuta a tsakar gida, ko an cika kasko da garwashi an kai ɗaki, yara sun kewaye suna jin ɗumi. Ga yawancin yara wannan ba kome ba ne. Amma ga yaron da ke da farfaɗiya, kaskon nan yana cikin manyan abubuwan da ke iya halaka shi, domin ciwon ba ya sallama in zai zo, kuma wanda ya faɗi ba ya jin zafin wuta sai bayan ya farfaɗo.

Mai wannan rubutu ya taɓa ganin wata yarinya 'yar shekara uku a ɗakin yara na wani asibiti a Jos, ƙafafunta biyu naɗe da bandeji. Ita ba faɗawa wuta ta yi ba. Zazzaɓi ne ya hau mata da dare, ta kama jijjiga, sai kakarta ta kara tafin ƙafarta a garwashi wai don ta farfaɗo. Jijjigar ta tsaya da kanta, zazzaɓin ya sauka cikin 'yan kwanaki, amma ƙunar ta riƙe yarinyar a gado makonni. Tsohuwar nan ba mugunta ta nufa ba, abin da ta ga magabatanta suna yi shi ta yi. Wannan ne dalilin da ya sa aka shirya wannan darasi, domin likita da nas suna ganin yaro na ɗan lokaci ne kawai, sauran kwanakin shekara kuwa yana hannun uwa da kaka da yayye da malamin makaranta, kuma abin da hannayen nan suka yi ko suka bari shi ke raba yaron da zai tashi lafiya da wanda zai tashi da naƙasa. An ɗauko misalan daga ƙasar Jos, amma darasin na kowa ne.

Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwa tana sarrafa jiki ne ta hanyar wata 'yar wutar lantarki da ke bin jijiyoyi, tana kai saƙo ga hannu da ƙafa da ido da harshe, kowanne a lokacinsa. In wani abu ya dami ƙwaƙwalwa har wutar nan ta ɓarke gaba ɗaya babu tsari, sai yaro ya fita hayyacinsa, jiki ya sandare, gaɓoɓi su kama fizga, ido ya kafe, haƙora su datse, wani lokaci har da kumfa a baki ko sakin fitsari. Wannan shi ne jijjiga, wasu kuma su ce taune-taune.

A wurin fassara mukan gamu da wahala a nan, domin jama'a sukan haɗa abubuwa uku daban su kira su da suna ɗaya, alhali kuwa lalle ne a rarrabe su. Na farko shi ne jijjigar zazzaɓi, wadda kan sami yara daga wata 6 zuwa shekara 5 in jiki ya yi zafi. Cikin kowane yara 100 akan sami biyu zuwa biyar da suka taɓa yin ta, ba ta cika wuce 'yan mintoci ba, kuma mafi yawansu sukan girma su rabu da ita ba tare da wani lahani ba. Na biyu shi ne jijjigar da ke zuwa a matsayin alamar wata cuta da ta taɓa ƙwaƙwalwa kanta, kamar sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko ƙarancin sukari a jini. Wannan ita ce mai kisa cikin sa'o'i, kuma babu uwar da za ta iya bambanta ta da ta farko da ido, don haka duk yaron da ya yi jijjiga da zazzaɓi wajibi ne a kai shi asibiti a ranar, ko da ya tashi yana wasa. Na uku shi ne farfaɗiya, watau faɗuwar da ke maimaita kanta ba tare da zazzaɓi ba. Ita ma ba kullum take zuwa da faɗuwa ƙasa ba. Akwai yaron da zai tsaya cak yana kallon wuri guda na 'yan daƙiƙoƙi, a kira shi bai ji ba, sa'an nan ya ci gaba da abin da yake yi, sau da yawa a yini. Irin wannan yaro ya sha bulala a makaranta a kan wai ba ya mai da hankali.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane wajen miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu. Abin da ke kawo ta a wajenmu sananne ne: doguwar naƙuda da ta hana jariri iska, shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, buguwar kai kamar ta faɗuwa daga babur, da ƙwan wata tsutsa ta alade wanda kan shiga ciki ta gurɓataccen abinci ko ruwa ya kai ga ƙwaƙwalwa, har ga mutumin da bai taɓa cin naman ba. Wani lokaci akwai gado, kuma a wajen rabin masu ciwon ba a gano dalili ko an bincika.

Farfaɗiya ba ta yaɗuwa. Ba a ɗaukarta ta miyau, ko kumfar baki, ko numfashi, ko cin abinci a kwano ɗaya. Wannan camfi shi ya sa mutane ke watsewa su bar yaro yana birgima kusa da wuta, kowa na tsoron taɓa shi. Game da masu cewa iskoki ne kuwa, babu mai hana kowa addu'a, Musulmi ko Kirista, amma a yi ta yaro yana shan maganinsa.

Minti biyar na farko

In yaro ya faɗi a gabanka, fara da duba agogo ko wayarka, domin tsawon lokacin shi ne abin da likita zai fara tambaya, kuma mai firgita yakan ga minti biyu kamar rabin sa'a. Janye shi daga wuta ko ruwa ko bakin hanya, ka kawar da duk abin da zai iya buge shi, ka sa zane a ƙarƙashin kansa, ka sassauta masa wuyan riga. Da zarar fizgar ta lafa, juya shi ya kwanta a gefe guda, bakinsa yana fuskantar ƙasa kaɗan, don miyau ko amai su zubo waje kada su shiga huhu. Ka ce wa 'yan kallo su ja baya. In akwai mutum na biyu mai waya, ya ɗauki hoton bidiyo na abin da ke faruwa, domin zai taimaki likita fiye da dogon bayani.

Abubuwan da ba a yi sun fi waɗannan muhimmanci. Kada a danne yaro don a tsai da fizga, domin ba za ta tsaya ba, sai dai a goce masa kafaɗa. Kada a cusa cokali ko tsinke ko yatsa a bakinsa. Mutum ba ya haɗiye harshensa, amma cokali yana karya haƙori, haƙorin kuma ya faɗa maƙogwaro. Kada a ɗura masa kome, ko manja, ko ruwan albasa, ko jiƙo, ko ruwan addu'a, ko maganin asibiti ma, sai ya farka sosai ya san inda yake, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya haɗiya, abin da aka ɗura huhu yake tafiya, bayan kwana biyu sai a ga ciwon huhu ya taso. Kada a yi masa hayaƙi, kada a sa masa barkono a ido, kada a kusantar da ƙafarsa ga wuta.

Mafi yawan jijjiga takan tsaya kafin minti uku. In ta kai minti biyar ba ta tsaya ba, ko ta tsaya ta dawo yaro bai farka a tsakani ba, ko numfashinsa ya yi wuya, ko a cikin ruwa ya faɗi, to ba sauran jira, a ɗauke shi a kwance ta gefe zuwa asibiti mafi kusa.

Akwai wani kuskure da sanyin Jos ke jawowa. Uwa ta ga yaro yana rawar ɗari sai ta ƙara masa rigar sanyi da hula da bargo, alhali jikinsa wuta yake. A rage masa tufafi, a ba shi ruwa ko nono in yana farke, a ba shi farasitamol gwargwadon nauyinsa don ya ji sauƙi, a kuma tafi a auna jininsa.

A ɗakin jinya

Yana da kyau iyaye su san abin da za su gani a asibiti, don kada tsoro ya sa su hana aikin da zai ceci ɗansu. Nas za ta kwantar da yaro ta gefe, ta zuƙe majina daga bakinsa, ta sa masa iskar oksijin, ta ɗiga jini daga yatsa don auna sukari da zazzaɓin cizon sauro, ta ba shi maganin tsai da jijjiga irin su dayazefam ta jijiya ko ta dubura. In yaro ya daɗe bai farka ba, za a sa masa siririn tiyo ta hanci zuwa ciki don ciyar da shi, a riƙa juya shi bayan kowace sa'a biyu don kada fata ta ƙwaile, a riƙa goge masa baki da ido, a kuma rubuta kowace jijjiga da lokacinta. Uwar da ke jinya ta lura da yadda nas ke yin waɗannan, ta roƙa a koya mata, domin watakila za ta buƙace su a gida.

Inda aka fi samun gardama shi ne ɗiban ruwan baya. In likita ya zargi sanƙarau, yakan sa siririyar allura a ƙasan gadon baya ya ɗebi 'yan ɗigo na ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa don a auna. Iyaye da yawa sukan ƙi, wai allurar ce ke kashe yara ko ta shanye musu ƙafa. Gaskiyar maganar ita ce yaran da suka fi jigata su ake yi wa gwajin, in cuta ta ci ƙarfinsu sai a ɗora wa allura laifi. Allurar tana shiga ne ƙasa da inda lakar baya ta ƙare, kuma gwajin shi ke nuna wa likita irin ƙwayar cutar da maganin da ya dace da ita.

Sanƙarau ba baƙo ba ne a Arewa. A annobar 1996 mutane sama da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. An fara wata sabuwar allurar rigakafin nau'in da ya yi wannan ɓarna a 2011, wani nau'in kuma ya haddasa annoba a Zamfara da maƙwabtanta a 2017, sa'an nan a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar. Duk da haka cutar tana nan, musamman daga hunturu zuwa bazara. Alamunta ga babban yaro su ne zazzaɓi, ciwon kai, amai da sandarewar wuya. Jariri kuwa ba lalle wuyansa ya sandare ba, sai dai ya ƙi nono, maɗigarsa ta kumbura, ya yi ta kuka mai ƙara ko ya yi laƙwas. Cikin kowane mutum biyar da suka tsira daga sanƙarau mai tsanani, wajen ɗaya yakan fita da wani rauni, kamar kurumta ko farfaɗiya, don haka kafin a bar asibiti a nemi a gwada jin yaron.

Maganin kullum

In likita ya tabbatar farfaɗiya ce, zai ɗora yaro a kan magani irin su fenobabiton, ko kabamazafin, ko balfurowet. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu ciwon za su iya daina faɗuwa in aka gano ciwon aka ba su maganin da ya dace, amma a ƙasashe matalauta kashi uku cikin huɗu ba sa samunsa. A ganinmu, babban abin da ke ɓata wannan magani a gidajenmu shi ne yadda muka saba da shan ƙwaya: a sha in ciwo ya taso, a ajiye in an ji sauƙi. Maganin farfaɗiya ba haka yake ba. Aikinsa shi ne ya zauna a jini dare da rana ya hana wutar nan ɓarkewa, saboda haka kullum ake shan sa, a lokaci guda, ko yaro ya yi wata shida bai faɗi ba. Yanke shi farat ɗaya yana iya tayar da jijjiga mai tsanani fiye da ta farko. Likita ne kaɗai ke rage shi, a hankali cikin watanni, kuma galibi sai yaro ya yi shekara biyu cur babu faɗuwa.

A sayi sabo tun saura na mako guda, a kantin magani mai rajista, a duba lambar hukumar NAFDAC a jikin kwalin. A riƙa kai yaro awo, domin in nauyinsa ya ƙaru sai a ƙara masa magani. In ya fara yawan barci, ko ya zama mai ƙiriniya fiye da da, a gaya wa likita ya gyara, kada a tsayar da kai. Amma in ƙuraje suka feso masa, ko baki da ido suka yi gyambo bayan fara sabon magani, a kai shi asibiti a ranar. Yarinyar da ke shan balfurowet kuma, in ta kusa balaga a tuna wa likita, domin maganin yana cutar da ɗan tayi in ta yi aure ta sami ciki.

Wuta da ruwa

Mun fara da wuta, sauran ruwa. Haƙar kuza da aka yi a wannan tsauni tun farkon zamanin Turawa ta bar manyan ramuka birjik a wajajen Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi, sun cika da ruwa sun zama tafkuna. Da su ake noman rani na dankalin Turawa da kabeji da karas, a bakinsu ake wanki, yara kuma suna zuwa iyo. Tafkunan nan ba kamar rafi suke ba, domin da yawansu bakinsu a tsaye yake, taku ɗaya sai zurfi. Yaro mai farfaɗiya kada a aike shi ɗiban ruwa ko wanki shi kaɗai, ko a tafki ko a rijiya, kuma in zai yi wanka a ba shi ruwa a bokiti da moɗa, kada ya kulle ƙofar banɗaki. Mai karatu na Sakkwato ko Yola ya sa kogi da kududdufin unguwarsu a madadin tafkin kuza.

A gida kuma, a kewaye murhu da duwatsu ko bulo, a zaunar da shi nesa da kasko da wani babba a tsakaninsu, kada a bar masa suya ko sauke tukunya. Kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki ko da babu mai farfaɗiya, domin hayaƙinsa marar wari yana kisa cikin barci. Ban da wannan da hawan dogon itace, a bar yaro ya yi wasa da tsaransa, ya je makaranta da Islamiyya ko majami'a kamar kowa. A sanar da malaminsa halin da ake ciki da abin da zai yi in ya faɗi. Dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta tabbatar wa irin waɗannan yara haƙƙin neman ilimi.

Yaron da ciwo ya bar wa rauni

Wasu yaran ciwon yakan bar su da sanƙarewar gaɓoɓi, ba sa iya riƙe wuya ko zama a lokacin da ya kamata. Raunin da ya riga ya sami ƙwaƙwalwa ba ya ƙaruwa, amma gaɓoɓi sukan ƙage in an bar yaro kwance wuri ɗaya. A nan al'adarmu ta goyo tana da amfani, domin tana buɗe cinyoyin yaro, tana kuma sa shi ƙoƙarin ɗaga kai ya ga duniya. A riƙa miƙar masa da hannu da ƙafa a hankali safe da yamma yadda ma'aikatan sashen gashi suka nuna, a sa kafinta ya yi masa 'yar kujera mai jingina da za ta riƙe shi a zaune. Wajen ciyarwa a zaunar da shi, kansa ya ɗan sunkuyo gaba, a ba shi kunu mai kauri kaɗan-kaɗan da cokali, domin mai ruwa-ruwa ya fi shaƙe shi. Ɗura ga irin wannan yaro haɗari ce babba. A riƙa yi masa magana da wasa ko da ba ya amsawa, sau da yawa yana fahimtar fiye da abin da bakinsa ke iya faɗa. Aikin yana da nauyi, kuma ba daidai ba ne a bar wa uwa ita kaɗai.

Da yawa daga wannan rauni ana iya kauce masa tun farko: awon ciki da haihuwa a hannun ƙwararriyar ungozoma, cika alluran rigakafi, kwana cikin gidan sauro. Jaririn da idonsa ko jikinsa ya yi rawaya a ranar farko, ko rawayar ta kai tafin hannu da ƙafa, a kai shi asibiti nan take a sa shi ƙarƙashin fitilar shawara, kada a tsaya shanya shi a hantsi ko ba shi ruwan sukari. Kada kuma a sa kafur a cikin kayan jariri, domin yana fasa jinin wasu jariran ya tsananta shawara.

A Jos ana duba yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, da Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, da Asibitin Koyarwa na Bingham wanda mutanen gari suka fi sani da Jankwano, da kuma asibitin Vom wanda ke aiki tun 1922. Wanda ke wata jiha ya fara da asibitin da ke kusa da shi, su za su tura shi gaba in da bukata. Duk inda za a je, a tanadi ɗan littafin rubutu na yaron, a riƙa sa ranar da ya faɗi, da lokacin, da tsawon mintocin, da ɓangaren jikin da ya fara fizga, da ko ya tsallake magani ko ya yi zazzaɓi ko bai sami barci ba a daren. A tafi da littafin, da kwalin maganin da yake sha, da katin rigakafinsa.